Koriyar Motar Baffa Ta Ƙi Tsufa

Baffana direban babbar mota ne da ya ajiye sitiyari. A ɗakinsa akwai kanta uku, a kansu ƙananan motoci goma sha tara, kowacce ba ta wuce tafin hannu ba. Shi yake harhaɗa su guntu-guntu, ƙaninsa kuma, wato Babana, ya shafa musu fentin mai. Daga nan sai Baba ya ɗauko wani baƙin ruwa tsararo da yake kira ruwan dauɗa, ya ɗiga a gefen ƙofa da gindin kusoshi, ruwan ya bi lungu ya kwanta. Sai ka ga mota ta tsufa, kamar yanzu ta dawo daga doguwar tafiya.

Sha takwas sun tsufa. Ta ƙarshe koriya ce, irin motar da suka yi ƙuruciyarsu a cikinta, Baffa yana tuƙi, Baba yana gyara. Baba ya gama fentinta, bai kai ga ruwan dauɗa ba Allah ya karɓi abinsa. Abin da yake haɗa ruwan da shi kuwa, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

"Wannan ba tamu ba ce," in ji Baffa. "Tamu ba ta taɓa ƙyalli haka ba, ko ranar da aka sayo ta."

Inna, matarsa, ta leƙo. "Ka ƙare rayuwarka kana wanke mota, yanzu kuma mai ɓata ta kake nema."

Ni ba na zama da matsala. Na je shagon kayan fenti na dawo da kwalba uku, na shafa wa tsofaffin cokula shida fentin mai, na bari suka bushe, muka zauna gwaji.

Kwalba ta farko baƙin ruwa ne da aka tsinka da tina, abin da ake narkar da fentin mai da shi. Ya bi lungu daidai yadda na Baba yake yi, amma da na goge, fentin cokalin ya biyo tsumma. Ta biyu da ruwan sha ake tsinka ta. Ba ta taɓa fenti ba, sai dai ta ƙi kwanciya, ta tsaya ɗigo-ɗigo kamar gumi a goshi.

"Saura ɗaya, Baffa," na ce. "Wannan man sheƙi ne. A lulluɓe motar da shi tukuna, ya zama kariya, sannan a ɗiga ta farkon. Cokali biyu na gwada, duka sun yi."

Ya jawo motar kusa da hancina. A jikin ƙofar direba akwai shatin babban yatsa, sirara-sirara a cikin koren fenti.

"Bai iya jira fenti ya bushe ba, ubanka. Na yi masa tsiya ranar. Man nan naka zai cike wannan?"

"Mai yiwuwa kaɗan."

"Kaɗan nawa, sarkin lissafi?"

Na ajiye kwalbar man sheƙin a gefe.

Baffa ya ce ai fentin motar ya daɗe da bushewa, ba kamar na cokula ba. Ya kifa ta, ya tsoma burushi a kwalbar farko, ya taɓa can ƙarƙashi inda ido ba ya kaiwa. Burushin ya dawo da kore a bakinsa.

Ya daɗe yana kallon koren nan. Bai wanke burushin ba.

Yanzu motar tana bakin tagar da ke kallon titi. Baffa ya hana a rufe tagar, ya hana Inna zuwa wajen da tsumma. Duk zuwan da na yi sai ya ce in duba masa, tunda idona ya fi nasa, ko ƙurar hanya ta fara kamawa.

Nakan sunkuya in duba. Ƙurar tana sama-sama kawai, numfashina ma tashinta yake yi.

"Ta fara?"

"Da saura, Baffa."