Murhun Ƙarfen da Na Jefa a Kogi

Ni ne mai laifi, kuma gara in faɗi haka tun farko, kafin haushin da nake ji na wani mutum ya ɗauke mini hankali. A shekarun farko na 'yancin kai ni planto ne, wato masinja, a wani biro, ofishin gwamnati, a Yamai, ina yawon kai takardu a keke, muna haya a wani babban gida a Zongo. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina da son ƙere-ƙere. Duk guntun ƙarfen da na gani a yashe sai in ɗauko in tara a bayan ɗaki, ran Lahadi in zauna da guduma ina gyaran ƙyaure ko kujera. Matata kuwa suya take yi, ƙosai da fari masa, a bakin hanyar kasuwa. Masu wucewa da safe duk sun san kaskonta, kuma a kan duwatsun murhu take ɗora shi, yadda ta ga uwarta tana yi a Maraɗi.

Duwatsun nan su suka tsone mini ido. Na ce ƙasa ta sami 'yanci, matar ma'aikacin gwamnati ba za ta durƙusa a gaban duwatsu ba, murhun ƙarfe mai ƙafafu zan yi mata. Na zana shi, na kwashi ƙarafana na kai wa wani dattijo mai walda a wani garaji. Ya ce ƙarafan sun yi siriri, sai an sayi masu kauri, kuma aikin zai ɗan jima. Kuɗin da ya faɗa ya fi ƙarfin aljihuna, na tafi ina gunaguni. A gindin wata bishiya kusa da bakin kogi na tarar da wani mai waldar, da kwalaben iskarsa da baƙin tabarau. Tun daga nesa ya fara kirana shef, wato shugaba. Ya dubi zanena ya rantse wai ko anasara bai iya wannan ba, wai a Dakar ya kamata a ce ina aiki. Ya faɗi kuɗi kaɗan, ya ce in dawo gobe. Ban tambayi kowa a kansa ba, ban nemi ganin aikinsa ko ɗaya ba. Shef ɗin nan ya ishe ni.

Washegari na karɓo murhu yana walƙiya, an shafe shi da fenti mai ruwan azurfa. Matata ta zagaya shi, ta tambaye ni wai wa ya taɓa shafa wa murhu fenti, ko amarya ce za a kai. Matan gida suka yi ta dariya. Na ji zafi, na ce mata ƙauyanci ne ke damunta, kuma daga yau ba na son in sake ganin duwatsu. Ta ce to Malam, ta ɗauka.

Ba a yi sati ba aka aiko biro aka kira ni. Ƙafa ɗaya ta murhun ta ɓalle kasko na cike da tafasasshen man gyaɗa, man ya kwarare mata tun daga gwiwa har tafin ƙafa. Na same ta a asibiti, yayanta na tsaye, matan gidanmu sun kewaye gadon. Yayan ya tambaye ni yadda aka yi. A nan na yi abin da ya sa nake rubuta wannan wasiƙa. Na ce murhu lafiyarsa lau, ita ce ta ɗora kasko a karkace, dama gaggawa ta yi mata yawa. Tana jina. Ta juyar da fuskarta bango.

Da na koma gida na kankare fentin da wuƙa. Jama'a, ɗigon walda ne kamar ƙwayar gero a kowace mahaɗa, sauran ramin an cike shi da wani abu kamar yumɓu, aka bi da fenti. Mutumin nan ya san wuta za a hura a ƙarƙashinsa, ya san mai za a ɗora, ya san mace ce za ta zauna a gabansa, don da bakina na faɗa masa! Na je masa. Ko tashi bai yi ba. Wai ƙarfe nawa ne, zane nawa ne, kuɗi ni na zaɓa, shi hannu kawai ya sa. Wai in da aikin garaji nake so ai na san hanyar garaji. A ranar babu shef, ɗan'uwa ya koma kirana, yana mini murmushi. Har yau in na tuna murmushin nan barci gagarata yake yi. Mai ƙanƙantar da mudu ya fi shi imani, don shi hatsi yake ci, wannan kuwa naman mutane. Amma ni me na yi? Na ɗauki murhun, na shiga jirgin ruwan da ke ƙetarawa Harobanda, da muka kai tsakiyar ruwa na sake shi. Ba don fushi ba. Don kada yayanta ya gani.

Ta daɗe a kwance. Kafin ta miƙe wata ta zauna a wurinta, masu saye sun saba da sabon hannu. Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya fi muni, magana ta bi unguwa cewa ita mai garaje ce, har wata tsohuwa Bazabarma da ke gidanmu ta daina barin jikokinta su matsa kusa da ita in tana girki. A hankali ita ma ta yarda. Macen da ke juya ƙosai tana hira ba ta ko dubawa, ta koma in mai ya yi ƙara sai ta ja da baya. Ni kuwa ina gani, ina shiru, ina zagin mai walda a zuciyata kamar shi ne ya yi mata ƙarya.

Abin da ya karya ni, wata rana na dawo daga aiki na ji tana koya wa 'yarmu suya. Tana ce mata ta nutsu, kada ta gado sakacin uwarta, ta dubi ƙafar nan ta ga abin da rashin hankali ke jawowa, kuma ta gode Allah ubanta mai haƙuri ne da bai yi mata gori ba. Na tsaya a zaure da keke a hannu na kasa shiga.

Ku masu karatu, in za ku ba da aikin ƙarfe, ku tambayi waɗanda ya taɓa yi wa aiki. Ku karɓi abinku tsirara kafin a shafa fenti, ku buga mahaɗar da guduma a gabansa, in ya ɓata rai ku tafi. Ku ji tsoron mai yabonku kafin ya taɓa aiki. In kuma kun riga kun yi kuskure, ku ɗauki kayanku, kada ku ɗora wa wanda ba zai iya musa muku ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kira yayanta, na roƙi matan gida su fito tsakar gida, har da tsohuwar, tunda a gabansu na yi ƙaryar. Na faɗi abin da na gani a ƙarƙashin fenti, na faɗi inda murhun yake. Sannan na durƙusa a gabanta na ce mata hannunta bai taɓa karkacewa ba, daidai ta ɗora kaskonta a ranar kamar kullum, ni na ƙona mata ƙafa da son araha, ni na ƙona mata suna da bakina, ta yafe mini don Allah, in ma ba ta iya ba yau, zan jira.