Faɗin Keken Mama Hulda

"Wai ta ina ake shiga gidan Baba Meshak yanzu?"

"Sai dai in kana da fiffike. Ko akuya sai ta karkace."

Samarin nan biyu masu wucewa suka kwashe da dariya, suka ta da babur. Baba Meshak yana bayan katanga, ya ji su sarai, ya haɗiye.

Shekara talatin ya yi yana gadin mahaɗar jirgin ƙasa a Kafanchan, yana buɗe wa mutane hanya. Da ya yi ritaya ya koma gonar ubansa a bayan gari, inda sai dawa da kukan kurciya. Sannu a hankali gari ya biyo shi. Malamai, ma'aikata, masu gudun hayar cikin gari, kowa na neman fuloti. Ya yanka musu, ya dasa ƙerana ta zama shinge a kan iyaka yadda kakanni ke yi. Hanyar ƙafa kuwa bai sa a takarda ba. Wa ke rubuta hanya? Kakarsa ta bi ta zuwa rafi, amarya ta shigo ta nan, gawa ta fita ta nan.

Safiyo mai awon fili bai san kakar kowa ba. Ya ja layinsa, fuloti ya manne da fuloti. Aka cire ƙerana, aka jera bulo, aka kafa fasassun kwalabe a sama.

Bara ɓarin jikin matarsa, Mama Hulda, ya shanye. Zumuntar matan coci suka kawo mata keken guragu. Kowace Lahadi yakan tura ta sujada ta wani saƙo, 'yar siririyar hanya ɗaya da ta rage, gefen filin Malam Azariya, wanda shi Baba ya riƙe a hannu ranar baftisma.

Safiyar Asabar ya ji ƙarar shebur. Ya fito ya tarar da magina sun ja igiya, ta ratsa saƙon.

"Baba, ina kwana? Ba laifina ba ne fa," in ji Azariya, yana miƙo takarda. "Duba, har nan ne nawa. Ɓarayi sun dame mu."

Baba bai karɓa ba. Ya tsinko karan dawa, ya koma gida, ya auna keken daga taya zuwa taya, ya karya daidai. Ya dawo ya ajiye karan a ƙasa, gaban magina.

"Ɗana, ban ce mota ba. Ka bar mini iya wannan, Mamanka ta je sujada gobe."