Fitilar Anti Adila da Hannayen Matan Auyo

Da hantsi, kafin mace ta farko ta yi sallama, Adila Abdulmannan takan share ɗan shagonta da ke cikin garin Haɗeja, ta goge ƙwayayen fitilar busar da farce ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ɗauko farcen roba, ta shafa masa jel, ta tura shi ƙarƙashin fitilar na sakan sittin. Idan ya fito, ta sa reza ta tsaga shi ta duba cikinsa. In ya bushe har ƙasa, ta ce bismillah. In da sauran danshi, to ranar ko matar waye ta zo, lalle za ta samu, ba jel ba. Ƙawayenta har tsokanarta suke yi, wai ta mayar da farce miya, kullum sai an ɗanɗana.

Shekara ashirin da biyu ke nan tana ƙawata hannayen mata, bakwai na ƙarshe da wannan jel ɗin, wanda iska ba ta busar da shi, sai hasken fitilarsa. Yanzu ido ya fara yi mata gardama, ta ce bayan Babbar Salla za ta ajiye aiki. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ta yi wa Ummussalma tun tana iya karantawa da kanta.

Ummussalma 'yar Auyo ce, uwar 'ya'ya uku, ta yi wata shida tana koyon aiki a wajen Adila, ta koma gida ta buɗe nata a ɗakin zaure. Abu ya yi kyau har damina ta kankama. Daga nan amare uku suka dawo da yatsu a kumbure, suna ƙaiƙayi, ita ma fatar nata hannun ta fara tsagewa. Magana ta zaga gari, wai hannunta ba shi da kyau. Mijinta Shu'ibu ya ce ta rufe kafin a jawo musu abin kunya. Ta kira Adila a waya tana kuka.

Ruwa ya cinye hanya a lokacin. Adila ta hau mashin, inda mashin ya gaza ta shiga kwalekwale, ga ta da tsoron ruwa, ta ƙanƙame jakarta har suka kai gaɓa.

"Ina fitilarki?" ta tambaya, ko zama ba ta yi ba.

Ummussalma ta miƙo wata 'yar mitsitsiya da ake jona wa batirin cajin waya. "Anti, wallahi ita ce ta fi duka haske a kasuwa. Sai da na sa mai kayan ya kunna mini guda biyar."

"Kin zaɓe ta kamar mai sayen cocila ke nan."

Adila ta gwada ta a kan farcen roba. Sama ya yi tauri yana sheƙi, amma da ta tsaga, ciki ɗanye sharaf. Wannan ɗanyen ne ke kwanciya a kan fata yana ɓata ta. Ta zaunar da Ummussalma ta yi mata bayani dalla-dalla: ba hasken da ido ke gani ne ke aikin ba. A nemi fitilar da masu yin jel ɗin suka ce ta dace da shi, mai faɗin da hannu zai shiga sosai, mai ƙwayaye har ta gefe. A shafa siriri, a busar da babban yatsa shi kaɗai, a sa safar hannu. Ta ciro fitilarta ta biyu daga jaka ta ajiye mata, ta kuma ce gobe a kai amaren asibiti, kada wanda ya shafa musu wani haɗi.

Da yawa a nan za su tsaya, su koma gida a yi musu godiya. Adila ta yafa mayafi ta ce a raka ta gidajen amaren. A kowane gida maganarta ɗaya ce: "Ku yi haƙuri. Na koya mata shafawa, ban koya mata zaɓen fitila ba. Laifin nawa ne." Wata uwar amarya ta wanke ta tas, Adila ta sunkuyar da kai ta shanye.

Duk da haka sati biyu babu wadda ta leƙo zauren. Adila ta jira kwanakin da ba ta salla, tunda jel yana hana ruwan alwala taɓa farce, ta sake hawa kwalekwalen. Ta aika aka kira matan unguwa, ta zauna a gabansu, ta miƙa wa Ummussalma yatsunta goma. "Yi aikinki, Ummu," in ji ta. "Ba inda za ni." Kwana uku ta yi a Auyo tana nuna wa duk mai son gani cewa yatsunta lafiya lau. A rana ta huɗu wata mata mai suna Kulu ta yi sallama, ta ce ita ma a yi mata.

Anti Adila, ke ce kika ɗauki laifin da za ki iya barin wata da shi, babu wanda zai ce miki komai. Ke ce mai tsoron ruwa da ta ƙetare shi sau huɗu saboda sana'ar wata. Mun gode, Allah ya ƙara wa idonki lafiya, ya saka miki da alheri.

Ku kuma masu koyar da sana'a, teloli da masu kitso da sauranku, kada sallama ta zama ƙarshen alhakinku a kan wanda kuka yaye. Har yau hannun Ummussalma ba ya jure jel, sai da safa take aiki, likita ya ce haka za ta ci gaba. Amma zauren a buɗe yake, kuma Shu'ibun da ya ce a rufe, shi ya ɗora mata sola a kan rufi da hannunsa, don fitilar ta riƙa samun wuta.