Accar da Na Tuge

A filin cocinmu a Kafanchan ana shirin gasar furanni. Wata dattijuwa tana durƙushe tana jera shuke-shukenta, ja a tsakiya, fari a gefe. Hannuwanta duk kanta, ina jin a gonar citta ta girma. Takan ja baya, ta kanne ido, ta gyara.

Don in taimaka, na tuge ciyawar da ta kewaye furannin.

"Ɗana, acca ne," ta ce a hankali. "Wata biyu ina rainonsa. Da rana alƙalai za su zo."

Ni da aka yaye da kunun acca. Tana mayar da saiwoyin ɗaya bayan ɗaya, ko kallona ba ta yi.