Buhun Dawar Saraya

Gombe, da asuba

Ƙarar taɓarya ce ta tashe ni ran nan. A bayan katangarmu a unguwar Shamaki, tsohuwar da ke yi wa maƙwabta surfe, wadda kowa ke kira Kaka, har ta fara aiki. Na yi salla na shiga ɗakin Yaya Umaru. Tun farkon damina yake kwance, ƙafafunsa a kumbure, asibiti kuma sun sallamo shi ba don ya warke ba.

Yaya ne shugaban ma'aikata a aikin sabon titin kudu, a shekarun da kuɗin mai suka fara kwarara. Shekarar da ta gabata, a wani ƙauye gaba da Kaltungo, titin ya biyo ta gonar wata tsohuwa mai suna Saraya. Dawarta ta nuna, saura kaɗan a girbe. Ta durƙusa ta roƙe shi ya dakata. Ya dubi agogo, ya ɗaga wa mai katafila hannu.

"Halima," ya ce da ni, "da na rufe ido ita nake gani. Ba ta zage ni ba fa. Ƙasa kawai ta dumbuza ta ƙulle a bakin zane. Ki je ki roƙar mini gafara."

Goggo Dija, yayar mahaifinmu, ta ce ba za a je hannu rabbana ba. Muka ɗauki buhun dawa guda, muka nufi tasha gari bai gama wayewa ba.

Kumo

Ƙaramar bas muka samu. Titin Yaya sumul yake, baƙi wuluk, mota na gudu a kai kamar ba ta taɓa ƙasa. Fasinja sai sa wa masu aikin albarka suke yi, ni kuwa na sunkuyar da kai. A shingen 'yan sanda wani kurtu ya zunguri buhunmu da kulki ya ce, "Daga birni ake kai dawa ƙauye yanzu?" Goggo ba ta iya riƙe magana. Kafin mu bar Kumo duk motar ta san abin da ya fito da mu.

Wata Bafulatana da ke rungume da ƙwarya ta ce, "A rugarmu, in aka hana matafiyi nono, daga shanu ake fara ganin alhakinsa. Ku yi sauri, ɗiyata."

Wani ɗan kasuwa Ibo, mai sayar da kayan keke, ya girgiza kai. "Mama, a wajenmu ba tsohuwar kaɗai ya taɓa ba. Ƙasa ya taɓa. Wanda ya lalata abinci a gona, ƙasa ba ta mantawa da sawunsa."

Wani malami Babarbare ya ajiye carbinsa ya ce laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa mai sauƙi ne, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe da bakinsa.

Direba ya tuntsire da dariya. "Alaramma, ni fa kullum a hanyar nan nake. Na san waɗanda suka cinye gonakin gari guda, yau ga su da bene da marsandi. Ƙafarsu ko kaushi babu."

"Ba ka ga ƙarshensu ba," in ji malam.

"Kai ka gani?"

Na jingina da taga ina kallon kukoki suna wucewa, hannuwansu a sama kamar masu roƙon da ba a karɓa ba. Mutane huɗu, harsuna huɗu, uku sun yanke wa yayana hukunci, na huɗun ya ce babu hukuncin ma. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba.

Billiri zuwa Kaltungo

A Billiri taya ta fashe, muka yini a gindin wata tsamiya. Goggo ta sayi dafaffiyar gyaɗa, na kasa ci. Sai bayan la'asar muka shiga Kaltungo, motar ƙauyen kuwa ta riga ta tafi. Muka sauka gidan su Rahila, ƙawata ta kwalejin horon malamai. Mahaifiyarta ta shimfiɗa mana sabuwar tabarma don salla, ta kawo tuwo da miyar gyaɗa. Da ta ji labarin sai ta dafa kafaɗar Goggo ta ce, "Da ma shi ya zo da ƙafarsa." Goggo ta ce, "Ai ƙafar ce babu."

Ƙauyen

Da safe a-kori-kura ta sauke mu a gindin dutse, Rahila na biye da mu don ta yi mana tafinta. Wani dattijo mai sanda ya kai mu inda gonar take. Kwalta ce kawai, tana sheƙi a rana. A gefen titi wasu karan dawa da suka tsiro da kansu suna kaɗawa duk lokacin da mota ta wuce.

Saraya ba ta nan. Dattijon ya ce tun da rumbunta ya kwana babu komai ta ɗaure kayanta ta hau mota. Wasu sun ce Jos, wasu sun ce Numan.

Goggo ta ce, "To baba, ku karɓi dawar a madadinta. Ku ce kun yafe, in kai masa."

Rahila ta fassara. Dattijon ya daɗe yana kallon buhun. Ya ce a al'adarsu wanda ya yi laifi da wanda aka yi wa laifi su ke zama su ci daga ƙwarya ɗaya, sannan magana ta mutu. Ba a ci wa wani. In ya karɓa, ya yi mana ƙarya ke nan.

Goggo ta durƙusa a bakin titin, ta roƙe shi har mayafinta ya zame. Bai ɗaga murya ba, bai kuma canza magana ba. Shi da kansa ya taya mu ɗora buhun a mota.

Komawa

Ban riƙe komai na hanyar dawowa ba sai ƙarar buhun yana gogar rufin mota. Duk tsawon tafiyar ina shirya ƙaryar da zan yi wa Yaya: zan ce ta yi murmushi, ta ce ba komai. Da muka shawo kwanar layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida, maza sun jeru. Tun da hantsi aka kai Yaya makwancinsa. Inna, mahaifiyarmu, ta ce har ƙarshe, da ya ji motsin ƙofa sai ya tambaya ko ni ce.

Ina gode wa Rahila da mahaifiyarta, da dattijon da ya ƙi yaudararmu. Dawar kuwa, ita aka daka aka yi gumbar sadakar uku. Kaka aka kira ta yi surfen, ni na miƙa mata ruwa.

Shekaru da yawa bayan haka, ina koyarwa a Nasarawo, wata malama ta ba ni labarin kakarta, wadda titi ya cinye wa gona gaba da Kaltungo, ta zo Gombe tana surfe a gidajen Shamaki har ta rasu. Na tambayi sunanta. Ta ce Saraya.