Gonar da Ba a Shuka Ba

Duk safiya, in na ratsa ta bayan lakwal, makarantar ƙananan yara, a hanyata ta zuwa aiki, nakan ji su suna rera karatu da murya ɗaya. Kai mai wucewa sai ka ce ilimi ya zauna. Ni kuwa na san cikin wannan waƙa.

A ƙauyenmu, can gefen Allakaye, haka muka yi shekara huɗu. Mushe, malaminmu, ya faɗa, mu maimaita. Na haddace littafin kaf. In na ga hoton raƙumi, na san abin da ke ƙarƙashinsa. Ni ne na ɗaya a aji, alhali ko baƙi biyu ban iya haɗawa ba.

Wata bazara, lokacin da duwatsu ke ƙona tafin ƙafa, aka kawo wasiƙa daga babana da ke cirani a Abijan. Kakata ta zauna a inuwar aduwa, ta miƙo mini.

"Ɗan lakwal, mi ya ce?"

Na buɗe. Babu hoton raƙumi. Na daɗe ina kallon takardar, sannan na faɗi abin da na san tana son ji: yana gaishe mu, yana nan tafe kafin ruwan shuka.

Sai kaka ta hana kowa taɓa gonarsa ta gangare, mai ita zai shuka abinsa. Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, geron maƙwabta ya kai gwiwa. Tamu sai ciyawa. Kullum nakan bi ta gefenta, bakina a rufe.

Sai da ƙanen kaka, tsohon soja, ya zo daga Madawa ya karanta mana. Da Hausa ma aka rubuta ta. Baba ba zai zo bana ba, a ba ƙanensa gonar ya shuka.

Kaka ba ta doke ni ba. Cewa kawai ta yi, "To mi kuke rerawa tun safe har azahar?"

Tsohon ya zaunar da ni, ya zana baƙi ɗaya a ƙasa da tsinke. "Bar sunanshi. Mi yake cewa?" Sauti bayan sauti, sai a haɗa. Kafin lokacin girbi ya yi, na karanta wasiƙar da kaina. Hatsin ne dai bai kai mu bazara ba.

Yanzu Ingilishi nake koyarwa a kwalej a Buza. Bara aka tara mu horo, aka kawo mana dabarar sauti a matsayin sabon abu, da takardu masu launi. Na tafa tare da kowa. Ajina cike yake har bakin ƙofa, da yawansu da haddar shekara shida suka zo, kuma na gaji, ba zan ɓoye maka ba. Amma wanda ya fi kowa zaƙin murya, shi nake fara kira, in rufe hoton da tafin hannuna.