Baba Istifanus da manyan lasifiku

Duk wanda ya san Baba Istifanus mai gyaran rediyo na Trikania ya san halinsa. In ya shiga falonka, kafin ya tambayi iyali sai ya tambayi rimot. Ya ɗora tabarau a kan hanci, ya shiga saitin injin sauti, ya gaya wa injin cewa lasifikunka ƙanana ne, ko da sun kai tsayin firij. Sannan ya juyo ya ce, "To, ina kwana?"

Kun tuna Alhaji Sabo na Kamazou? Ranar da Baba ya yi masa haka, har miƙewa ya yi. "Baba, lasifikar da sai da ƙarti biyu suka ɗauko ta, ita ce ƙarama?"

"Alhaji, injin ba tsayinta yake tambaya ba. So yake ya san wa zai ɗauki rugugin. In ka ce babba ce, ita ke magana, ita ke waƙa, ita ke rugugi, har ta shaƙe. Ga wufa, akwatin rugugi, can a lungu yana zaune kamar surukin da ya zo hutu. Ba shi aikinsa mana!"

A gidana kuwa, ɗora wufa ya yi a kan kujerata, ya kunna kiɗa, ya tattare riga, ya kama rarrafe a gindin bango. Wai inda rugugin ya fi daɗi, nan za a ajiye shi. Matata ta shigo da ruwa ta ce, "Subhanallahi! Baba, me ya faɗi?"

"Matsa, Hajara, kin tsaya min a kan sauti."

Ni ban taɓa koyon saitin ba, don ban iya karatu ba a lokacin. Bara aka kawo wuta da ƙarfi, injin ya manta komai. Saura kwana biyu sunan jikata, gida zai cika da baƙi. Baba yana kwance wajen 'yarsa a Unguwar Boro, ƙafafu sun kumbura. Na je na roƙe shi ya aiko min da wani.

"Garba, na ji kana zuwa ajin manya."

"Wata shida kacal, Baba. Kuma wannan Turanci ne."

"Kalma biyu ce, babba da ƙarama. Ba zan aiko kowa ba."

Na koma na zauna gaban talabijin ina bin haruffa da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har na gano su. Sai na dubi lasifikuna, manya, baƙaƙe, masu sheƙi. Wallahi zuciyata ta ƙi. Na zaɓi babba. Kai! Sai ka ce ana jan kwano a kan kwalta. Na yi maza na mayar da shi kan ƙarama. Muryar mai labarai ta fito tas, wufa yana gurnani a ƙasa a hankali.

Bayan suna na kai masa nama da labari. Ban ɓoye komai ba.

"Wato sai da ka gwada babba?"

"Na gwada, Baba."

"Kowa sai ya gwada. Amma da hannunka ka gyara?"

"Da hannuna, da idona."

Ya lumshe ido ya ce, "To, na yi ritaya."

Bai ƙara wata guda ba. Allah ya ji ƙanka, Baba. Allah ya sauke maka duk nauyin da ka ɗaukar mana, ya ba ka hutu mai sanyi.